Wayar salula da ciwon daji: inda bincike ya tsaya bayan shekara 30

A ranar 31 ga Mayun 2011, masana 31 daga ƙasashe 14 suka kammala zaman kwana takwas a birnin Liyon na Faransa, suka fito da sanarwar da har yau ake yawo da ita a WhatsApp: tururin da wayar salula ke fitarwa ya shiga jerin abubuwan da "mai yiwuwa" suna haddasa ciwon daji. Cibiyar da ta tara su, IARC, reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da binciken kansa. Bayan shekara 13, a Satumbar 2024, wani ayarin masana da ita wannan hukumar ta ɗora wa aikin tace binciken da aka yi a kan mutane ya fitar da nasa sakamakon. Sun ce ba su ga alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba, ko ga wanda ya haura shekara goma yana riƙe da ita, ko ga mai daɗewa a kan kira.

Duk wanda ya ji maganganun nan biyu daga gida ɗaya dole kansa ya ɗaure. Wasu sun yanke hukuncin cewa kamfanonin waya sun toshe bakin masana da kuɗi, wasu kuma suka ce dama tun farko tsoron banza ne. A ganina kowane ɓangare ya yi gaggawa. Masanan 2011 sun faɗi gaskiyar abin da ke gabansu a lokacin, na 2024 ma haka. Abin da ya canza a tsakani shi ne irin hujjar da aka tara, kuma sai mutum ya san yadda ake nemo kowace hujja kafin ya san wadda zai ba nauyi.

Waya tana magana da ƙarfen sabis ne ta igiyoyin rediyo, dangin waɗanda ke kawo shirye-shiryen tashoshin FM da talabijin, sai dai zangon nata ya fi sama, yawanci daga megahaz 700 zuwa wajen gigahaz 3.5. Hasken rana ma danginsu ne, haka hoton eksire na asibiti da tururin nukiliya. Inda suka rabu shi ne ƙarfin bugu. Na eksire da na nukiliya suna iya tsinka sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wato DNA, kuma daga irin wannan ɓarnar ce kansa kan samo asali. Igiyoyin waya ba su da wannan ƙarfin ko kusa, domin ta wannan fuskar hasken ƙwan lantarkin da ke ɗakinka ya ninka su fiye da sau dubu ɗari. Abu ɗaya da aka tabbatar suna yi wa jiki shi ne ɗumama shi, kuma a kansa aka gina dokokin kariya. Amurka ta ce ƙarfin da naman kai zai sha daga waya kada ya wuce wat 1.6 a kowane kilogiram, Turai kuma ta tsaya a wat 2, bisa ɗan bambanci a yadda ake aunawa. A ƙarƙashin wannan iyaka, ɗumin da ke isa ƙwaƙwalwa bai fi wajen kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Zafin da kunne ke ji bayan dogon kira, galibinsa daga batir ne da kayan cikin wayar, da kuma iskar da wayar ta tare wa fata.

Wannan bayani ya isa ya kwantar da hankali, amma bai isa ya rufe magana ba. An sha gano cewa abu yana cutarwa tun kafin a gane hanyar da yake bi, kuma abin da biliyoyin mutane ke karawa a kai kullum, ko ɗan ƙaramin haɗari ne a tare da shi, idan aka tara zai zama rayuka masu yawa. Saboda haka dole aka koma kan mutane aka duba.

Maganar ta fito fili ne a Janairun 1993, lokacin da wani mutumin jihar Fulorida ta Amurka mai suna David Reynard ya bayyana a shirin Larry King na tashar CNN, ya ce wayar salula ce ta yi ajalin matarsa, domin ƙarin da ya fito mata a ƙwaƙwalwa yana daidai gefen da take kara waya. Kotu ta kori ƙararsa a 1995 saboda rashin hujjar kimiyya, amma tsoron ya riga ya shiga gari. A 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shiri na musamman a kan batun, daga baya IARC ta jagoranci bincike mafi girma na wancan zamani, wanda aka sa wa suna Interphone, a ƙasashe 13.

Kansar ƙwaƙwalwa ba ta da yawa. Nau'inta mafi muni da ake kira gilayoma yana kama mutum biyar zuwa shida ne cikin 100,000 a shekara a ƙasashen da ke da ƙididdiga. Don haka hanya mafi sauri ita ce a je asibiti a tattaro waɗanda suka riga suka kamu, a nemo masu lafiya sa'anninsu, a tambayi kowa tarihin wayarsa, sannan a kwatanta. Interphone ta tambayi masu gilayoma 2,708 da masu wani ƙari na rufin ƙwaƙwalwa 2,409, tare da dubban masu lafiya.

To a nan gizo ke saƙar. Ka ɗauki mutumin da aka yi wa aiki a kai makonni kaɗan da suka wuce, ga ɗinki a gefen dama, ga magunguna, ga tunanin iyali. Mai bincike ya zauna kusa da gadonsa da kwamfuta, yana tambayarsa: shekara takwas da suka wuce, kira nawa kake yi a mako? Minti nawa kowanne? A wane kunne kake karawa? Mutumin nan ya kwana yana tambayar kansa me ya jawo masa wannan ciwo, ya kuma ji a rediyo ana zargin waya, ya san gefen da ƙarin yake. Ba ƙarya zai yi ba, amma tunaninsa zai karkata. Shi kuwa mai lafiyar da aka tare a gida, ko a jikinsa, zai ba da amsar da ta fara zuwa bakinsa. Su kansu masu Interphone sun gwada abin da mutane ke faɗa da bayanan kamfanonin waya, suka ga mutane kan rage yawan kira su ƙara tsawonsa, kuma marasa lafiya sun fi ƙara wa shekarun baya masu nisa.

Da sakamakon ya fito a Mayun 2010, sai ya zo da abin mamaki. Masu amfani da waya a kai a kai sun fito da haɗarin gilayoma ƙasa da na marasa amfani da ita, da kusan kashi 19 cikin 100. Babu masanin da ya yarda cewa waya rigakafin kansa ce. Kowa ya gane cewa akwai karkata a aikin, musamman ganin kashi 53 cikin 100 kaɗai na masu lafiyar da aka gayyata suka amsa, kuma waɗanda ba su da waya sun fi ƙin shiga. Sai kuma a can ƙarshen jadawalin, da aka kasa masu waya rukuni goma bisa yawan kira, a rukuni na goma da ya fi kowa kira, waɗanda suka tara awa 1,640 ko fiye, haɗarin ya ɗaga da kashi 40 cikin 100. Awa 1,640 kusan rabin awa ke nan a rana tsawon shekara goma, abin da a yau ɗan kasuwa ke cinyewa kafin azahar. Sai dai a cikin wannan rukunin akwai marasa lafiyar da suka ce suna yin fiye da awa 12 a rana suna waya, a zamanin da kowane minti tsada ne. Kuma haɗarin bai riƙa hawa sannu a hankali daga rukuni zuwa rukuni ba kamar yadda ake gani a sigari. Rukunai tara babu komai, na goma ya yi tsalle.

A gefe guda kuma akwai ayarin Lennart Hardell, likitan kansa a birnin Orebro na Suwidin, wanda ya yi ta fitar da bincike irin wannan mai tambayar marasa lafiya, yana samun haɗarin da ya fi na Interphone nesa ba kusa ba, musamman ga waɗanda suka daɗe da waya da waɗanda suka fara tun suna matasa.

Waɗannan biyun ne manyan abubuwan da ke kan teburin masanan Liyon a 2011. Rukunin da suka saka waya a ciki, 2B, yana nufin akwai alamar da ba za a iya watsarwa ba, ba za a kuma iya dogara da ita ba, domin kuskure ko karkata na iya haifar da ita. Jerin na IARC yana auna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba. A 2B ɗin akwai ruwan ganyen alobera da sinadarin zaƙi na asfatem. A rukuni na 1, inda babu sauran shakka, akwai sigari da giya da hasken rana, da gubar afalatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu. Mai tura saƙon cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar waya na sa kansa ya faɗi abin da masanan ba su faɗa ba. Amma wanda ya ce 2B ba komai ba ne shi ma ya rage musu magana, domin abin da suka ce shi ne a ci gaba da dubawa.

An kuwa ci gaba, ta hanyar da ba ta dogara da tunanin mara lafiya ba. Maimakon a jira mutum ya kamu sannan a tambaye shi, sai a rubuta yadda yake amfani da waya tun yana lafiya lau, a bi shi shekaru a ga abin da zai faru. Denmak ta fara da rajistar mutum fiye da 420,000 da suka mallaki layi tsakanin 1982 da 1995, ta haɗa sunayensu da rajistar masu kansa ta ƙasa, ba ta ga ƙaruwar masu kamuwa ba. An soki wannan aiki, kuma sukar tana da tushe: layukan kamfanoni kusan 200,000 an cire su saboda ba a san masu riƙe da su ba, alhali watakila su ne suka fi kowa kira a lokacin, sannan mallakar layi ba ta nuna yawan amfani da shi. A Birtaniya an bi mata 776,000 tsawon shekara 14, aka fitar da sakamako a 2022 ba tare da ganin bambanci ba, sai dai matan manya ne, yawancinsu ba masu dogon kira ba. Wanda ya fi cike gurbin shi ne binciken COSMOS da ya fito a 2024, mai mutum fiye da 250,000 a Suwidin da Denmak da Finlan da Holan da Birtaniya. Shi an tsara shi ne tun farko don wannan tambaya, an gyara amsoshin mutane da bayanan kira na kamfanoni, kuma kashi goma cikin 100 da suka fi kowa kira ba su fi sauran kamuwa ba. A ɓangaren yara da matasa, binciken MOBI-Kids ya duba masu ƙari a ƙwaƙwalwa 899 'yan shekara 10 zuwa 24 a ƙasashe 14, bai ga alamar waya ce sanadi ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce mafi sauƙin fahimta. Ƙasashen arewacin Turai sun fara wayar hannu tun 1981, kuma suna rubuta kowane mai kansa tun kafin nan. Daga lokacin da waya ke hannun 'yan tsiraru zuwa lokacin da ta shiga aljihun kowa, layin masu gilayoma a jadawalinsu bai yi wani tashi ba. Haka aka gani a Ostireliya da Amurka. Masana a cibiyar kansa ta Amurka sun yi lissafi a 2012, suka nuna cewa da alƙaluman Hardell gaskiya ne, da masu gilayoma a ƙasar sun haura abin da aka gani a 2008 da aƙalla kashi 40 cikin 100. Sun kuma faɗi ɗaya rabin maganar, wanda ba a cika ambata ba: ɗan ƙaramin haɗari irin wanda Interphone ta nuna a tsakanin masu tsananin kira zai iya ɓuya a cikin ƙididdigar ba a gan shi ba. A Ingila an ga nau'in gilayoma mafi tsanani ya ninka tsakanin 1995 da 2015, amma wasu nau'o'in sun ragu a daidai lokacin, ga na'urorin hoton ƙwaƙwalwa sun yawaita, ga tsarin sanya wa ƙari suna ya canza, ga tsofaffin da a da kan mutu ba a san ciwonsu ba yanzu ana gano shi.

Duk waɗannan ne ayarin 2024 ya tattara, ƙarƙashin Ken Karipidis na hukumar kariya daga tururi ta Ostireliya. Sun duba rubuce-rubuce fiye da 5,000, suka zaɓi 63 da aka buga tsakanin 1994 da 2022, suka ce tabbacinsu na rashin alaƙa matsakaici ne. Matsakaici suka ce, ba su ce cikakke ba, domin binciken da ake yi ta hanyar lura da rayuwar mutane da wuya ya wuce wannan matakin.

Da a nan maganar ta tsaya da an huta, amma tsugune ba ta ƙare ba, saboda ɓeraye. Gwamnatin Amurka ta kashe kusan dala miliyan 30 a wani gwaji na hukumar NTP mai binciken abubuwa masu guba, wanda aka kammala a Nuwamban 2018. An saka ɓeraye a ɗakuna na musamman, ana yi musu wanka da igiyoyin 2G da 3G awa tara a rana, minti goma a kunne minti goma a kashe, tun suna ciki har tsawon shekara biyu. A cikin mazan da suka sha ƙarfi mafi yawa, biyar zuwa shida cikin 90 sun yi wani mugun ƙari a jijiyoyin zuciya, alhali babu ko ɗaya a cikin waɗanda ba a haska ba. Masu gwajin suka ce wannan hujja ce bayyananniya. A shekarar kuma cibiyar Ramazzini ta birnin Bolonya a Italiya ta ga irin wannan ƙarin a mazan ɓeraye, cikin gwajin da ya ƙunshi 2,448. Abin da ya sa masana ba su yi wasa da shi ba shi ne, ƙwayoyin da ƙarin ya fito daga cikinsu irinsu ɗaya ne da na wani ƙari da ke fitowa a jijiyar ji ta ɗan'adam, dab da inda ake kara waya.

Sai dai gwajin yana tafe da nasa tambayoyin. Jikin ɓeran gaba ɗaya aka haska, da ƙarfin da ya kai wat 6 a kilogiram, ninki 75 na abin da doka ta yarda jikin mutum gaba ɗaya ya sha. Matan ɓerayen ba su nuna haka a fili ba, ƙananan ɓeraye na wani jinsi da aka gwada su ma haka. Sannan mazan da aka haska sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai, kuma kansa ciwo ne da ke son tsufa, don haka watakila na ɗaya rukunin sun mutu ne kafin nasu ya fito. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba za a ɗora sakamakon a kan mutane ba. Duk da haka, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka tace binciken dabbobi, rahoton da ya fito a 2025 ya ce hujjar ƙarin zuciya da na ƙwaƙwalwa a mazan ɓeraye mai ƙarfi ce. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, igiyoyin rediyo masu yawa sosai suna iya yi wa jikin dabba wani abu da ba a gama ganewa ba, ko ta hanyar ɗumi ko ta wata hanyar, amma a ma'aunin da mutane ke sha, shekara 30 na ƙididdiga ba su nuna shi ba. Kwamitin ba da shawara na IARC ya sa batun cikin waɗanda ya kamata a sake zama a kansu da gaggawa, a 2019 da kuma 2024, kuma daidai ne a sake zaman.

Zargin kuɗi ma ba daga sama ya faɗo ba. Wani nazari daga jami'ar Bern ta Suwizalan a 2007 ya duba gwaje-gwaje 59, ya ga waɗanda kamfanonin waya kaɗai suka ɗauki nauyinsu su ne suka fi ƙarancin ba da rahoton wata illa. Wani kaso na kuɗin Interphone daga masana'antar ya fito, ko da yake ta hannun wata ƙungiyar yaƙi da kansa aka bi da shi don kada masu kuɗin su sa baki. Masu sukar rahoton 2024 sun kuma nuna cewa jagoransa mamba ne a ICNIRP, kwamitin da ya tsara iyakokin da ake aiki da su. Wanda ya ga abin da kamfanonin sigari suka yi shekara da shekaru yana da dalilin yin hattara. Amma rajistar masu kansa ta Denmak ko ta Finlan ba kamfani ke rubuta ta ba, likitocin da ke ganin marasa lafiya ne, kuma ita ce ta ƙi motsawa.

Sauran illolin da ake ambata, hujjarsu ta fi rauni. A Suwizalan an auna maniyyin samari 2,886 da suka je tantancewar aikin soja tsakanin 2005 da 2018, aka ga masu taɓa waya fiye da sau 20 a rana suna da ƙwayoyi miliyan 44.5 a mililita, masu ƙarancin amfani kuma miliyan 56.5. Duka biyun sun haura ma'aunin miliyan 16 da ake ɗauka a matsayin iyakar ƙasa, kuma ajiye waya a aljihun wando bai nuna bambanci ba. Masu cewa waya ko ƙarfen sabis na sa su ciwon kai da faɗuwar gaba, ciwonsu na gaske ne, bai kamata a yi musu dariya ba. Amma a gwaje-gwaje 46 da aka haɗa a 2010, inda mutum bai san ko na'urar a kunne take ko a kashe ba, ba su iya bambancewa ba, kuma ciwon kan zo ne idan suka yi zaton a kunne take. Illar da babu gardama a kanta tana kan titi: binciken direbobi 699 a birnin Toronto a 1997 ya nuna haɗarin karo yana ninkawa sau huɗu lokacin da direba ke waya.

Akwai wani ɓangare na wannan ilimi da ya shafe mu kai tsaye, kuma ya saɓa wa abin da aka fi tsoro. A garuruwanmu ƙarfen sabis ake gudu. Mutane kan tashi tsaye idan za a kafa shi a unguwa, kuma a 2020 jita-jitar cewa 5G ce ke kawo korona ta zagaye ƙasar nan a lokacin da ko lasisinta ba a bayar ba, domin sai a Disamban 2021 aka yi gwanjon zangon, MTN ta fara aiki da shi a 2022. Alhali aune-aunen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara sun nuna abin da ke isa jikin mutum daga ƙarfen sabis yana tsakanin kashi 0.002 zuwa kashi 2 cikin 100 na iyakar da aka yarda. Eriyar tana harba igiyoyinta ne can nesa a miƙe, ba ƙasa kan rufin maƙwabci ba, kuma ƙarfinsu na faɗuwa da sauri da zarar an yi nisa. Kusan duk abin da kan mutum ke sha daga wayar da ke manne da kunne yake zuwa.

Ita kuwa wayar ba ƙarfi ɗaya take fitarwa kullum ba. Kamar mai kiran ɗan'uwansa a gona take: idan yana kusa sai a yi magana a hankali, idan yana can ƙarshen kunya sai an ɗaga murya. Wani awo a Suwidin a 2004 ya nuna wayoyin karkara suna aiki da iyakar ƙarfinsu kusan rabin lokacin kira, na birni kuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Tsarin 2G kuma ya fi 3G da 4G fitar da ƙarfi ninki da yawa. Ka duba wanda wannan ya fi faɗa wa a wurinmu. Mutumin ƙauye ne da ya fita bayan gari inda aka san sabis na kamawa, ya tsaya ƙarƙashin bishiya ko ya hau tudu, ƙaramar wayarsa mai madannai tana nuna sanda ɗaya, ya danna ta a kunne da ƙarfi yana "kana ji na?" Har yanzu kaso mai yawa na layukan Najeriya a kan 2G suke. Unguwar da ta kori ƙarfen sabis don tsoron tururi ta ƙara wa kawunan mazaunanta tururin ne. Idan maƙwabcin ƙarfen sabis yana da ƙorafi mai ƙarfi, to a kan janareton dizal ne da ke kwana yana ruri a gindinsa, domin hayaƙin dizal tun 2012 IARC ta saka shi a rukuni na 1.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, abin yi ba shi da tsada. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin waya da kai tana zubar da mafi yawan abin da ke shiga, don haka sifika ko abin sawa a kunne sun wadatar, sai kuma a bar dogon kira zuwa inda sabis ya cika. Ga yara, tun a 2000 kwamitin Sir William Stewart a Birtaniya ya ba da shawarar a taƙaita musu kiran da ba dole ba, kuma ban ga abin da aka rasa ba idan aka bi. Su kuwa 'yan faci da ake mannawa a bayan waya da sunan tare tururi, asarar kuɗi ce, wanda ya tare sabis ɗin da gaske ma sai dai ya sa wayar ta ƙara ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk tabbacin nan aro muka yi. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin 13 na Interphone, babu a 14 na MOBI-Kids, COSMOS kuwa na Turai ne zalla. Jikin ɗan'adam ɗaya ne, don haka sakamakonsu ya shafe mu, amma an gina shi ne a kan wayoyin da suka bi doka, kuma can ana bin wayoyin har kanti ana aunawa. A Satumbar 2023 hukumar ANFR mai kula da igiyoyin rediyo a Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12, bayan ta auna ta ga tana ba da wat 5.74 a kilogiram idan an riƙe ta a hannu ko an sa a aljihu, alhali iyakar gaɓoɓi wat 4 ce. Ba a ce wani ya cutu ba, domin an bar tazara mai faɗi tsakanin iyakar da matakin da ke cutarwa, amma sai da Apple ya gyara manhajar wayar. Tun 2014 kuma duk mazaunin Faransa na iya cike takarda a zo a auna igiyoyin da ke gidansa kyauta, a saka sakamakon a taswirar da kowa zai iya buɗewa a intanet.

Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, tana da tsarin tantance kowace irin waya kafin a sayar, kuma ita da kanta ta sha yin gargaɗi a kan jabun wayoyi da waɗanda ake shigowa da su ba tare da amincewarta ba. Irin waɗannan masu arha, talaka ne ke saye, shi ne kuma ke zaune inda sabis ya fi rauni. Abin da nake so in gani shi ne jami'an hukumar su shiga kasuwar Farm Centre a Kano da makamantanta, su sayi wayoyin da aka fi ɗauka kamar yadda kowa ke saye, su auna su, su buga lambobin da sunan kowace waya, da Hausa, a kuma karanta a rediyo. Haka idan unguwa ta kai ƙorafi a kan ƙarfen sabis, a zo da na'ura a auna a gaban mai unguwa da jama'arsa, a auna hayaƙi da ƙarar janareton a rana ɗaya.